Tsatsar ɗinkin bodi: yadda aikin T3 ɗina yake tafiya

11 ga Janairu 2025

Toh jama'a an fara. Motar dai Volkswagen T3 ce ƙirar 1988, mai inji a baya, fetur, lita 2.1 wadda ruwa ke sanyaya wa inji. Irin waɗannan an fara ƙera su a Jamus a 1979, can aka daina a 1990, sai Afirka ta Kudu ta ci gaba da yi har 2002, wato duk wacce ka gani a titi yanzu ta kwana biyu a duniya. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, matsalar duk a ɗinkin bodi take, layukan nan da falle ya haɗu da falle. Daga nesa baka ganin komai sai ka matso ka ga fenti ya yi ƙuraje ƙuraje yana bin layin, wani wurin kuma jan ruwa ya zubo ya bushe.

Yau ban taɓa giranda ba, zagayawa kawai nayi da maganaɗisu da alli da fitilar hannu. Inda maganaɗisu ya kama da ƙarfi to ƙarfe ne a kusa, inda ya saki ko ya kama sama sama to fila ce, ƙullun nan da ake cike lotsawar bodi da shi, aka lafta a wurin. Gefen hagu ƙasa, dogon fallen nan da ke fuskantar ƙofa mai zamewa, ya ƙi kamawa kwata kwata tsawon kusan hannu guda. Na zana masa alli. Sai layin da ya miƙe tsaye bayan tayar baya, sai kusurwar gilashin gaba ta ƙasa, sai matakalar direba ƙarƙashin roba. Indararon saman rufi da sauƙi, tsagewar sila ce kawai, wato danƙon da ake toshe ɗinki da shi.

18 ga Janairu

Na cire duk allunan ciki. Wannan shi ne abin da nake so duk mai irin motar nan ya yi kafin ya sayi ko da gwangwanin fenti ɗaya, saboda sai ka leƙa ta baya zaka gane yadda ɗinkin yake. Kowane falle an lanƙwasa bakinsa zuwa ciki, leɓe da leɓe suka haɗu, aka bi su da ɗigon walda a kamfani, sannan ta waje aka cike ƴar kwarin da ta rage da sila aka yi fenti a kai. To shekara talatin da wani abu, rana ta buga, mota ta yi ta jijjiga, silar ta bushe ta tsage, tsagewar ma ba lallai ido ya gani ba, ruwa ya samu hanya. Kuma ruwa in ya samu siririn wuri tsakanin ƙarfe biyu shi da kansa yake jan kansa ciki, har sama yana hawa, kuma baya bushewa saboda iska bata shiga. Can cikin lungun iskar oksijin ta yi ƙaranci, bakin lungun kuma tana da yawa, wannan bambancin shi ke sa ƙarfen ciki ya yi ta cinyewa fiye da wanda ke fili. In motar ta taɓa zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko kusa da teku, abin ya ninka.

Kuma tsatsa tafi ƙarfen da ta ci girma, ninki ne ba ɗan kaɗan ba, shi yasa take tura leɓen biyu su buɗe, ta ɗaga sila, ta ɗaga fenti. Ƙurajen da kake gani a waje su ne ƙarshen labarin, kamar haƙori ne da ya ruɓe ta ciki, ranar da ya fara ciwo an daɗe ana ɓarna.

Abin da na tarar bayan allon hagu: wani ya taɓa cusa audugar gilas wai don hana zafi, ta sha ruwa ta kwanta a ƙasa tana jiƙa leɓen dare da rana. Na kwashe ta duka da safar hannu da takunkumi don tana ƙaiƙayi sosai.

25 ga Janairu

Kankare. Burushin waya a jikin giranda, sai siririn wuƙa na bi cikin kwarin ina ciro tsohuwar sila. Ta kamfani tana fita ɓurɓushi ɓurɓushi, amma a layin bayan taya sai ga wani abu fari mai danƙo yana miƙewa, silikon ne irin na banɗaki wani ya matsa a ciki ya shafa fenti a kai. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Irin silikon ɗin nan mai warin tsami asid yake fitarwa lokacin da yake bushewa, yana cin ƙarfe, sannan fenti baya kama shi, kuma ko ɗan ɓurɓushinsa ya rage a wurin sabon fenti zai yi ta yin ido ido. Duk inda ya taɓa sai da na goge da ruwan cire maiƙo kafin na sa sanfefa, don in ka fara da sanfefa yaɗa shi kawai zaka yi.

Ƙasan dogon falle kuwa fila ce mai kauri, wani wurin ta kusa santimita ɗaya, a ƙarƙashinta babu ƙarfe sai raga da aka liƙa. Fila tana shan ruwa in bayanta a buɗe yake, ita ba maganin rami bace, aikinta daidaita ƴar lotsawa kawai.

1 ga Fabrairu

Na zauna na raba wuraren gida biyu, wanda za a wanke da wanda za a yanke, kuma ina ga nan ne duk aikin yake, walda da fenti ai hannu ne kawai. Ƙa'idata ita ce: in na duba ta ciki na ga leɓen biyu suna manne lif, basu kumbura ba, na soka tsinin sukudireba da ƙarfi bai shige ba, to wannan wanki ne. In kuwa leɓen ya kumbura tsakanin ɗigon walda da ɗigon walda, ya yi tudu tudu, to tsatsa ta riga ta zauna a tsakiya inda babu burushi ko yashi ko magani da zai kai, wannan sai yanka. Ba ruwana da yadda wajen yake da kyau.

Indararo wanki. Layin tsaye na dama wanki. Layin bayan tayar hagu rabi da rabi, sama lafiya, ƙasa kamar santimita 30 ya kumbura. Ƙasan dogon falle yanka gaba ɗaya. Matakala yanka. Kusurwar gilas ban sani ba tukuna sai an cire gilashin.

Akwai masu cewa ai ka zuba maganin juya tsatsa a layin ya tsuma shikenan. Na san maganin, mai asid ɗin fosforik yana mayar da siririyar tsatsa ta zama wani baƙi baƙi ko toka toka mai tauri, mai tanin kuma yana mayar da ita baƙa wuluk, kuma suna aiki a kan tsatsar da ke fili wadda aka riga aka kankare. Amma saman kawai suke taɓawa. Mai kauri da ke cikin lungu tana nan daram a ƙarƙashi, ga kuma asid ka tura cikin wurin da bazaka iya wanke shi ba, gobe ya tsattsafo ya ɗaga maka firama, shafen farko da ke ƙarƙashin fenti. Ni dai a fili kawai nake sa shi, in wanke, in busar.

8 ga Fabrairu

Feshin yashi a layukan wanki da ƴar ƙaramar bindiga mai robar baki, wadda take tara yashin a wuri ɗaya. Ba yashin rafi ba don Allah, ƙurarsa tana lalata huhu kuma bata warkewa, akwai wanda ake yi don aikin musamman. Layi kaɗai nake bi, bana barin shi ya daki tsakiyar falle don yana iya lanƙwasa shi. Bayan nan iska mai ƙarfi daga kwamfireso har sai da yashi ya daina fitowa, kuma wallahi baya ƙarewa, kana cewa ka gama sai ka ga wani ya zubo daga wani rami.

22 ga Fabrairu

Yanka. Kafin komai na cire kan batir, yana ƙarƙashin kujerar gaba, na kawar da wayoyin da ke bi ta wajen, na rufe gilasai da kwali mai kauri saboda tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilas ya bar ɗigo ɗigo da baya fita har abada. A T3 da ba Syncro ba, wato wadda ba mai jan ƙafa huɗu ba, tankin mai yana gaba ne ƙarƙashin bene, kusa da matakala kenan, don haka shi ma sai da ya sauka kafin in kusanci wurin da wuta. Abin kashe gobara yana gefe.

Ɗigon waldar kamfani akwai bakin dirila na musamman da ake cire shi da shi, milimita 8, bakinsa a shafe yake, yana cin fallen sama ya bar na ƙasa. Wahalar ita ce gano ɗigon a cikin tsatsa, sai ka goge leɓen da sanfefa ka ga ƴan lotsawa zagaye zagaye, ka buga musu alama a tsakiya sannan ka huda a hankali da ɗan mai. In ka ji ya yi ƙas ko ka ga ƴar ƙurar tsatsa ta fito to ka ratsa na sama, tsaya. Sai siririn cizil ka raba su. Da na buɗe leɓen ƙasan dogon falle abin da ya zubo baƙi ne da ja, ɓawo ɓawo, jiƙe sharkaf alhali motar ta daɗe a rufe ƙarƙashin rumfa bata ga ruwa ba. Wannan shi ne wurin da daga waje ƙuraje uku huɗu kawai ake gani.

Na yanka sama har sai da bakin ƙarfen ya fito fari tas da cikakken kaurinsa, sannan na ƙara kamar santimita 2. Ƙarfen da tsatsa ta sirantar ko ya yi sheƙi baya ɗaukar walda, kana taɓa shi yake hujewa. Abin sa'a, ƙarfen ciki da leɓen ke zama a kai bai mutu ba, rami rami ne kawai sama sama, na yi masa yashi.

1 ga Maris

Akwai fallen gyara da ake sayarwa na wannan wurin, an riga an lanƙwasa, amma kar ka ɗauka zai zauna haka nan, lanƙwasar bata kai ta asali kaifi ba, sai da na yi ta gyara bakin da guduma a kan ƙarfe. Na bayan taya da matakala kuma ni na yanka daga sabon falle, kauri ɗaya da na motar, tsakanin milimita 0.8 da 1 bodin irin waɗannan yake. Kwali na fara yankawa ya zauna daidai sannan na zana a ƙarfe.

Wani dattijo da ya daɗe yana fanel bita ya leƙo ya ga ina ta fama da baki da baki, yace yaro me zai hana ka ɗora sabon a kan tsohon ka bi da wuta, ai ya fi sauri. Nace Baba ai ɗorawar ce ta kawo mu nan, in na ɗora na sake ƙera wani lungun da ruwa zai kwanta. Yayi dariya yace to Allah ya bada sa'a, hannunka ne zai gaya maka. Kuma gaskiyarsa ta wajen wahala, baki da baki a siririn ƙarfe ba wasa bane. Inda kamfani ya ɗora leɓe ni ma zan ɗora, inda falle ɗaya ne a da to ɗaya zai koma.

15 ga Maris

Walda. Injin MIG, mai turo waya da kansa, waya milimita 0.6, gas haɗin agon da kabon dayoksaid. Waldar lantarki ta sanda bata yi a nan, huda kawai zata yi ta yi, ta kabait kuma zafinta yana bazuwa ya murɗe falle, dogon fallen T3 kuwa shafaffe ne babu wata lanƙwasa da zata riƙe shi, in ya murɗe ka shiga uku da fila.

Yadda nake yi: in saita facin da maganaɗisu da filaya mai kullewa, tsakaninsu ƴar tazara da bata kai milimita 1 ba, in ɗiga ɗaya a nan, in tsallaka nesa in ɗiga wani, in koma can ƙarshe, in bari ya huce har in iya ɗora tafin hannu, sannan in dawo in ɗiga a tsakankaninsu, haka haka har ɗigon su haɗe su zama layi. Ba a jan wuta a miƙe ko kaɗan. Abin yana cin rai don kana ganin aikin minti biyar ya zama na yini, amma kowane ɗigo in ya huce yana tsukewa ya ja ƙarfen, shi yasa lokaci lokaci nake sa ƙarfen dafawa ta baya in ɗan buga ɗigon da guduma ya saki. Inda tazara ta yi faɗi sai in dafa guntun jan ƙarfe ta baya, walda bata kama shi kuma yana shanye zafi.

A leɓe kuma huda nayi, ramuka milimita 6 zuwa 8, tazararsu irin ta ɗigon kamfani, na matse leɓen biyu sosai, na fara wuta daga tsakiyar ramin kan ƙarfen ƙasa na zagayo har ya cika. Kafin in haɗa su na fesa firama mai zink a fuskokin da zasu rufu, don in an haɗa babu mai sake ganinsu, amma cikin ramin na kankare shi ya zama ƙarfe zalla, in ba haka ba wutar tana ta tartsatsi. Hayaƙin zink yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, a buɗe ƙofa a sa takunkumi. Abu ɗaya kuma da ba wasa a ciki: kar a goge wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafi da hasken walda suna mayar da shi gas ɗin fosjin, kaɗan ɗinsa yana kisa.

Duk bayan ƴan ɗigo ina leƙawa ciki, saboda tsohon kaki da baƙin shafen ƙarƙashin mota suna kamawa shiru baka sani ba. In na tashi ma sai na ɗan zauna a wurin kafin in kulle.

22 ga Maris

Gogewa da faifan sanfefa mai lamba 40 sannan 80, kan ɗigon kawai, ba a taɓa gefe don kar a sirantar da shi, kuma gogewa ma tana kawo zafi. Da duhu ya yi na sa fitila ta ciki na tsaya a waje, duk inda haske ya ɓullo ƙaramin rami ne, na zagaye da alli na cike da walda. Ramin da bai kai kan allura ba ya isa ya jiƙa bayan fila.

5 ga Afrilu

An cire gilashin gaba. Robar ta bushe ta ƙage, yanka ta muka yi, sabuwa za a sa. Kusurwar hagu rami ne ɗan ƙarami, faci ɗaya ya ishe shi, ta dama wanki kawai. Alhamdulillahi, na zata abin ya fi haka.

12 ga Afrilu

Jerin shafe shafen, don nan ma ana yawan juya shi. A kan ƙarfe zalla firamar ifoksi ce ta fara hawa, mai haɗi biyu, ita ce bata barin ruwa ya ratsa. A cikin layukan ban fesa ba da farko, ɗan siririn burushi na sa na tura ta can cikin kwarin ta ciki da ta waje ta tsuma, sannan na fesa a kai. Sila a kan ifoksi take zama, ba a kan ƙarfe tsirara ba. Fila ma a kan ifoksi na sa ta bayan na ɗan karce, siririya, a kan layin walda kawai, kuma ban bari ta shiga cikin ɗinki ba ko kaɗan, saboda ɗinki yana motsi in mota na tafiya, fila kuwa bata lanƙwasa, tsagewa take.

Silar foliyuretan ce wadda fenti ke kamawa. Na manna tef ɗin takarda gefe da gefe na bar siririn layi, na matsa ta ina turawa gaba don ta cika ƙasan kwarin kar iska ta maƙale, na bi da yatsa cikin safar roba sau ɗaya, na cire tef tun tana ɗanya. Kar a cika kwarin ya shafe, a bar shi da ɗan zurfinsa yadda ya fito daga kamfani. Masu shafe layin gaba ɗaya wai mota ta yi sumul, ni ban taɓa ganin wanda ya daɗe bai tsage ba. Danshin iska ne ke busar da irin wannan silar, daga waje zuwa ciki, kamar milimita 3 a kwana, don haka ba gaggawar fenti.

Ƙasan leɓe ta ciki ban toshe ko'ina ba. Akwai ramukan da kamfani ya bari don ruwa ya fita, a ƙasan ƙofofi da ƙasan bodi, biyu daga ciki na same su cike da fila da laka, na buɗe su. Ruwa dai sai ya shiga, ko ta robar taga ko ta ramukan iskar inji da ke bayan tagogin baya ko gumin da ƙarfe ke yi da sanyin safiya, abin da ake nema ya samu hanyar fita.

3 ga Mayu

Fenti ya hau gefen hagu da gaba. Mai haɗi biyu ne, yana da sinadarin da ke kama ƙirji, takunkumin ƙura baya tare shi, don haka a ɗakin feshi aka yi da kayan numfashi na gaske. Launin ya ɗan fi tsohon haske, dama na san za a yi haka, tsohon ya sha rana.

Bayan ya bushe sai kakin hana tsatsa, irin su Dinitrol ko Waxoyl, da doguwar tiyo mai fesawa ta ko'ina. Shi ne na ƙarshe dole, in ka sa shi kafin walda wuta zai kama, in kafin fenti ne fenti bazai zauna ba. Na ɗan ɗumama gwangwanin cikin ruwan zafi ya tsinke, na bi bayan kowane ɗinki daga sama, har layukan da nace wanki ne, musamman ma su, don su ne ban buɗe tsakiyarsu ba kuma bana yaudarar kaina cewa babu ko ƙwayar tsatsa a ciki. Kakin yana bin hanyar da ruwa ke bi ya riga shi zama. Na ci gaba da fesawa har ya fara ɗiga ta ramukan ƙasa, sannan na sake zura waya na tabbatar basu toshe ba.

17 ga Mayu

Gwajin ruwa da tiyo, allunan ciki har yanzu a cire, mutum ɗaya a waje yana zubawa ni ina ciki da fitila. Gilashin gaba shiru, dogon falle shiru. Tagar baya ta dama tana tsattsafowa ta kusurwar roba, ruwan yana gangarowa kai tsaye kan leɓen layin tsaye, robar zata tafi ita ma. Audugar gilas bazata koma ba, in ma zan sa wani abu to soso ne wanda baya shan ruwa, kuma nesa da ƙasan falle. Allunan zan mayar da su da sukurori yadda zan iya cirewa in leƙa duk shekara in ƙara kaki.

Saura ƙasan ƙofar baya da wajen bakin tankin mai, na ga ƙuraje biyu a can da ban zana musu alli a Janairu ba. Sai robar taga ta iso zan haɗa su gaba ɗaya in sha Allah.